Rarar Yatsa Biyu a Jikin Kait

Shekarata talatin da ɗoriya a kan keken ɗinki, ban taɓa ɗinka wa mutum riga cif-cif da jikinsa ba. Haka mahaifina ya koya mini, shi ma da hakan ya zo daga Kano kafin ya kafa shagonmu a unguwar Bulabulin, nan Maiduguri. In ka haɗa yadi biyu ka ɗinke, ba ka datse abin da ya yi saura a bayan ɗinkin. Sai ka bar faɗin yatsa biyu, ka kwantar da shi ta ciki, ka bi shi da ɗinki mai faɗin taku wanda ja ɗaya zai zare. Ita ce muke ce wa rara. Yaro ya girma, a kawo maka ka buɗe. Magidanci ya samu kwanciyar hankali ya ajiye tumbi, a kawo maka ka buɗe. Telolin yanzu da ke datse komai ƙat su watsar, ni ban taɓa sa su a lissafin teloli ba, kuma ban taɓa ɓoye musu ba.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Tun tana rarrafe ni nake mata ɗinki, ita kam har yatsa uku nake bar mata. Kayan makaranta ɗaya ta yi shekara huɗu tana sawa, duk hutu in zaunar da ita a kan benci in buɗe kaɗan. Ta taso da kai, ba irin nawa ba, ta shiga jami'a tana karanta aikin injiniya na lantarki. A shekararsu ta ƙarshe dole kowane ɗalibi ya haɗa wani abu da hannunsa, ya nuna yana aiki a gaban malamai, in ba haka ba babu takardar kammalawa.

Lokacin mun daɗe da sanin duhu. Tun da aka kayar da turakun wuta a hanyar Damaturu garin ya yi wata da watanni babu lantarki, har na sauke injin daga kekena na koma taka shi da ƙafa kamar zamanin mahaifina. Ko bayan wutar ta fara leƙowa ban mayar da injin ba, don ban yarda da ita ba. Wata rana da la'asar Mamana ta shigo shago, ta ture tarin yadi ta zauna.

Ta ce, "Baba, ka san kait?"

Na ce, "Na leda da tsinken tsintsiya da yara ke sakar wa iska a zare? Na riga ki saninsa. Na sha duka a kansa."

"To irinsa nake so ka ɗinka mini. Amma ya kai faɗin shagon nan biyu."

Na ɗaga ƙafa daga keke na dube ta. Ta ɗauki allina ta fara zane a kan tebur. Wai can sama, sama da dogayen bishiyoyi da ƙarfen sabis na waya, akwai iska mai ƙarfi wadda ba ta cika ɗaukewa ba, ko da mu nan ƙasa muna fifita. In babban kait ya kai wurin zai ja igiya. Igiyar a naɗe take a jikin ganga, gangar in ta juya ta juya ɗan janareta, wuta ta samu ba tare da ɗigon fetur ba. Na ce to madalla, sai ki samu rana mai iska ki yi ta gudu da shi kamar yaran unguwa. Ta yi dariya ta ce ai nan gizo ke saƙar, kait mai wannan girma iskar ƙasa ba ta ɗaga shi. Sai an ɗauke shi an kai shi can inda iskar take, sannan a sake shi. Abin da zai ɗauke shi kuwa duron ne, ɗan jirgin nan mai fanka huɗu da ba kowa a ciki, wanda ake tuƙawa daga ƙasa.

Gabana ya faɗi, kuma ban ɓoye mata ba. Mu mutanen Maiduguri ba ma kallon sama yadda sauran mutane ke kallonta. Mun yi shekarun da in ka ji ƙara a sama sai ka fara ƙirga 'ya'yanka. Na san waɗanda aka tafi da su amsa tambayoyi a kan abin da bai kai wannan ba. Na ce mata duk abin da ke duniya ta rasa na haɗawa sai jirgi? 'Yan ajinsu ba fanka da fitila suke haɗawa ba? Ta ce ba a ɓoye za a yi ba, sai da izinin jami'an tsaro, kuma malamarta ta ɗauki nauyin nema.

Malamar nan Kirista ce, mutuniyar wajen Biu, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana amma in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa. Wata biyar tana yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, addu'a nake a hana. Ba a hana ba. Takarda ta fito: safiya ɗaya tak, daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe goma, a wani fili da ke gefen gari ta cikin ramin da aka haƙa aka kewaye mu da shi, kuma a gaban sojoji. A wannan safiyar malamai masu ba da maki za su zo su gani. In kait bai tashi ba, ba wanda zai sake ba da wata takardar kafin shekara ta ƙare, Mamana sai ta maimaita aji ta sake wani aikin daga farko. Shekara biyar ɗin da ta yi tana karatu da fitilar waya ta dawo kan awa biyu.

Yadin a gwanjo muka samo shi a Kasuwar Monday, irin na laima, mara nauyi, in ka riƙe kamar ba ka riƙe komai ba. Wanda ya fi yawa a wurin mai gwanjon baƙi ne. Muka dubi juna ni da Mamana, muka wuce. Wa zai ɗaga baƙin ƙyalle sama a garin nan, a ɗauka tutar masu tada ƙayar baya ce? Muka yi ta tono har muka haɗa mai ruwan lemo. Duk da haka ban tsira ba. Kwana uku da fara aiki sai ga bulama, mai unguwarmu, a ƙofar shago yana yi mini sannu da Barbarci.

"Wushe da aiki, Malam. An ce mini kana ɗinka jirgi."

"Bulama, ni da ko keken hawa ban iya gyarawa ba? Babbar riga ce nake wa iska."

Bai yi dariya ba sai da na nuna masa hoton takardar izinin, ya karanta ta sau biyu, ya ce Allah ya sa a gama lafiya. Yadda ya faɗi maganar bai ƙara mini kwanciyar hankali ba.

Mamana ta kawo mini zanen a kan manyan takardu, falle goma sha takwas, kowanne da lambarsa. A gefen kowane falle layi biyu ne kusa da juna, tsakaninsu bai fi faɗin farce ba.

Ta ce, "Baba, ka ɗinka a kan wannan, ka yanke a kan wannan. Kada ka bar komai. Duron ɗin ƙarami ne, an auna abin da zai iya ɗauka."

Na ce na ji. Har ga Allah a lokacin na ji. Amma da na shimfiɗa yadin na ɗauki almakashi sai raina ya ƙi. Zan iya cewa hannuna ne ya saba, ya tafi da kansa, sai dai ƙarya ce. Da sanina na yi. Na ce a raina yarinyar nan lissafi ta sani, ba ta san yadi ba. Yadi mai santsi irin wannan, ka ɗinke shi a bakin-baki ka miƙa wa iska, ai zarewa zai yi. In kuma ya yage, da me za a gyara? Ita da na share wa majina za ta koya mini inda ake yanka? Na matsar da almakashi yatsa biyu daga layinta. Gaɓa goma sha bakwai na haɗa, kowacce na kwantar da rararta ta baya na bi ta da ɗinki mai faɗin taku, tsaf, yadda mahaifina zai gani ya gyaɗa kai.

Sannan halinmu na teloli ya shigo. Kayan biki suka taso mini, na yi ta cewa gobe, jibi, har sai ana gobe za a yi gwajin, da yamma, na cire kait daga keke. Na ninke shi yadda ta nuna mini, fuska a waje, na sa a buhu na kai gida. Ta tare ni a tsakar gida ta karɓa da hannu biyu. Ta ce ta so ta ɗora shi a sikeli, amma sikelin yana makaranta, gobe kuma daga gida fili za mu wuce.

"Baba, ka dai yanke a kan layin ko?"

Na ce, "Na yanke."

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Don abin da ya rage wa duron ɗin bai kai nauyin sabulun wanka ɗaya ba. Ga kait, ga igiya, kuma duk hawan da ya yi nauyin igiyar ƙaruwa yake."

Ta shige ɗaki da buhun. Ni kuma na tsaya da maganar sabulu a kunnena.

Da na fito sallar asuba ban koma gida ba, na zarce shago. Lissafin da ban iya da biro ba na iya shi da tef. Gaɓa goma sha bakwai, kowacce tsawon yadi biyu, yatsa biyu ta nan yatsa biyu ta can. In ka haɗa ya kai yadi ɗaya da rabi, ban da zaren da na ƙara. Na yanko yadi ɗaya da rabi daga abin da ya saura, na dunƙule a hannun dama. Na ɗauko sabon sabulu daga kan kanta na riƙe a hagu. Na ɗaga wannan na ɗaga wancan. Na sauya hannu. Na sake sauyawa, kamar sauyawar za ta rage wani abu. Yadin ya fi nauyi, ba da yawa ba, amma ya fi.

Gumi ya karyo mini tun rana ba ta fito ba. Na yi tunanin in ruga in gaya mata, in warware a tsakar gida. Amma mai keke napep ƙarfe shida da rabi zai zo, buhun yana ɗakinta, sannan in buɗe baki in ce mata me? In ce jiya na dubi idonta na yi mata ƙarya? Sai na shiga lallashin kaina. Masu lissafi ai kullum suna ƙara tsoro a cikin lissafinsu. Injin da zai ɗaga shago biyu na yadi, ɗan ƙyallen nan ne zai gagare shi? Na sa almakashina a aljihu, na ce wa kaina sabo ne kawai.

Da na koma gida uwarta, Babarbariya ce 'yar Old Maiduguri, ta miƙo mini kunu na ce na ƙoshi. Ta tsura mini ido, ta yi mini ina kwana da yarensu.

"Nda watu, Malam? Kai da za ka ba ta ƙarfin gwiwa, kai ne fuskarka kamar an aiko maka da sammaci."

Na ce zafi ne. Ƙarshen bazara ne, don haka ba ta ja ba.

A bakin filin akwai shinge. Soja ɗaya, dogo, mai tsage a kumatu, ya duba takarda, ya duba akwatin duron, ya zo kaina ya shafa aljihu ya zaro almakashi.

"Baba, wannan fa?"

"Tela ne ni, yallaɓai."

"To yau ba ɗinki. In an gama ka karɓa." Ya zura shi a aljihun wandonsa.

Filin fetal yake, sai darbejiya biyu a gefe, malamai uku na zaune a ƙarƙashinsu da takardu a cinya. Ganye ko motsi ba ya yi. Mamana da malamarta suka kafa gangar suka danne ta da buhunan yashi, suka jona janareta da ƙwan fitila guda a kan katako. A jikin igiyar akwai wani jan ƙyalle da ni na ɗaura mata da hannuna. In jan ƙyallen ya bar ganga, kait ya kai inda iska take, sai a sake shi. Batir biyu ne da duron ɗin, kowanne hawa ɗaya yake yi.

Ni na shimfiɗa kait, na tabbatar bayansa na kallon ƙasa. Yadin shara-shara ne, duk wanda ya duba da kyau zai ga duhun rarar ta cikinsa, layi-layi. Mamana ta zo ta ɗaura igiyoyi ta maƙala ƙugiyar duron, hannunta a kan ɗinkin, ba ta duba ba. Ta duba kowace waya, kowane ƙulli, ta ja ta sake ja. Aikina ne kaɗai ba ta bincika ba, saboda ni na yi.

Takwas da rabi ta wuce kafin su gama shiri. Ta yi bisimilla ta taɓa abin tuƙin. Duron ya yi ƙara kamar taron zuma ya tashi, kait ya miƙe a ƙarƙashinsa yana reto, igiya ta fara barin ganga. Ya wuce darbejiya. Ya ninka tsawonta. Na fara cewa a raina ka gani, tsoron banza ne. Sai ƙarar ta sauya. Duk wanda ya yi shekaru da keke ya san kukan inji in an tura masa abin da ya fi ƙarfinsa, ban buƙaci a gaya mini ba. Duron ya tsaya cak. Ya ɗan hau, ya dawo. Na dubi ganga, jan ƙyallen na nan, saura 'yan naɗi kaɗan. Abin da ke hannun Mamana ya fara tsuwa. Duron ya fara karkata yana zamewa wajen ramin, inda takarda ta ce kada ya kuskura ya ƙetare. Na ga dogon sojan ya gyara tsayuwa ya sa hannu a rediyonsa.

Malamar ta ce, "Sauko da shi. Yanzu."

Ta sauko da shi lafiya, kait ya zube a ƙasa kamar shanya ta faɗo. Ɗaya daga cikin malaman ya rubuta wani abu. Sojan ya dubi agogo ya ce tara saura biyar.

Mamana ta durƙusa ta cire batir, ta duba fankoki, ta buɗe littafinta tana bin lissafi da yatsa. Malamar ta tsuguna kusa da ita.

"Kin auna nauyinsa bayan an gama ɗinki?"

"Ban auna ba, Ma. Amma Babana ne ya ɗinka, a kan zane. Ba daga nan ba ne."

Ina tsaye taku uku daga gare su. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Malaman suka taso suka zo, babban cikinsu ya tambaye ta me ya faru. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce tana jin ita ce ta yi kuskure a lissafin nauyin igiya, ta ɗauka duron zai kai ashe ba zai kai ba. Tana faɗa yana rubutawa. Yarinyar da ko a firamare ba ta taɓa kawo mini jan biro a lissafi ba, ga ta tana ɗora wa kanta laifina a gaban mutane.

Na ce, "Mamana, lissafinki daidai ne."

Duk suka juyo. Na je na kama gefen kait na kifa shi. Ga rara nan kwance, layi goma sha bakwai, kowanne tsaf.

"Ban yanke ba. Na bar yatsa biyu."

Ta daɗe tana kallon yadin. Ta sa yatsa ta bi layi ɗaya tun daga sama har ƙasa. Na so ta yi faɗa, ta ɗaga murya, ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Baba, ai na tambaye ka."

Malamar ta matso ta ce za a iya cirewa? Na ce ɗinkin da ya danne rarar ja ɗaya ne, don a buɗe aka yi shi, amma sai da almakashi. Na nufi dogon sojan. Ban taɓa roƙon mutum da zuciya ɗaya kamar yadda na roƙe shi ba.

"Yallaɓai, ka taimake ni da almakashina. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ka tsaya a kaina da bindigarka in ka so."

Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, ya dubi Mamana da ke tsaye riƙe da littafi. Ya zaro ya miƙo mini ta wajen mariƙi.

"Ƙarfe goma fa goma ce, Baba. Ba ni na rubuta ba."

Na durƙusa a rana. Mamana na gaba tana zare zaren, ina biye ina yanka. A shago in zan yi irin wannan yankan sai na share tebur, na goge tabarau, na kori mai surutu. Nan kuwa a kan yashi ne, gumi na shiga mini ido, kuma dole in bi faɗin farce daga ainihin ɗinkin. In na matsa ciki kaɗan na yanke zaren da ke riƙe da kait, shi ke nan na gama da ita gaba ɗaya. Yadin santsi, yana gudu daga bakin almakashi. Malamar ta riƙe gefe ɗaya ta ja. A gaɓa ta biyar na ga wani hannu ya kama ɗaya gefen, na ɗaga kai, sojan ne ya tsuguna. Ƙarar almakashi kawai ake ji, sai shi da yake faɗin lokaci jefi-jefi. Tara da kwata. Tara da rabi.

A ta goma sha huɗu babban yatsana ya ƙage, na ce mata ko waɗannan sun isa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Duka."

Na yanke duka. Ban taɓa zubar da yadi mai kyau haka ba, siraran ƙyallaye masu ruwan lemo suka taru a gefena. Da na kai ƙarshen ta goma sha bakwai goma saura kwata. Ta ɗaga kait ta jijjiga shi a hannu, ta juya shi, wannan karon ta bi kowane ɗinki da ido, sannan ta maƙala ƙugiya ta sa batir na ƙarshe.

Ban kalli sama ba. Ganga na kalla. Igiya na fita, naɗi bayan naɗi, kunnena na kan kukan duron ina jiran inda zai sauya. Bakina na motsi, ban san ko wace addu'a nake ba. Jan ƙyallen ya zo saman ganga, ya zagaya sau ɗaya, ya zagaya sau biyu, ya fita ya bi igiya ya yi sama.

Malamar ta ce, "Sake shi."

Sai a lokacin na ɗaga kai. Duron ya rabu da shi ya yi gefe. Kait ya fara faɗowa a dunƙule, yana faɗowa, har na ce a raina babu wata iska a can, duk zance ne. Sai muka ji fat daga sama, ya buɗe gaba ɗaya ya cika. Igiya ta miƙe ta yi tauri, buhunan yashi suka motsa, ganga ta fara juyawa da gurnani. Yanzu kuma sabon tsoro ya kama ni, na ɗinkin da ba shi da rara ko ta farce biyu, ga iska na ja da ƙarfinta. Na ƙirga gaɓoɓin daga ƙasa ina jiran in ga wadda za ta fara buɗewa. Ba wadda ta buɗe. Yarinyar ta san yadi, ko dai ta san abin da ya fi yadi.

Babban malamin ya sunkuya kan ƙwan fitila ya ce shi bai ga komai ba. Rana ta yi ƙarfi, ba a gane ko yana ci. Na cire hulata na kifa a kai, na bar 'yar kafa. Ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya gyaɗa kai. Sauran biyun suka leƙa. Sojan ma ya leƙa, ya yi murmushi, sannan ya dubi agogo ya ce lokaci ya yi. Mamana ce ta ƙarshe. Ta durƙusa ta sa ido a cikin tsohuwar hulata, na ga kafaɗunta na rawa.

Ta ci, da maki mai kyau. A hanyar dawowa cikin keke napep ba ta yi mini magana ba, ni ma ban yi ba. Aljihuna cike da siraran ƙyallayen da na tsince, don ban iya barinsu a fili ba. A gida ta ba uwarta labari tun daga farko har ƙarshe, ta tsallake wurin almakashi. Gaisuwa ba ta fasa ba, abinci ita ke kawo mini, amma shago ta daina zuwa ta ture yadi ta zauna. Na yi ta shirya maganar da zan faɗa mata, kullum in na zo bakin faɗa sai in ga ba ta kai ba.

Bayan wata huɗu takardar bautar ƙasa ta fito, an tura ta can kudu, tafiyar kwana biyu a mota. Ana saura mako ta tafi sai ga ta a shago da atamfa a leda. Ta ajiye a tebur ta ce doguwar riga take so. Na ɗauko tef na auna ta, na rubuta a bango inda na saba rubuta nata, ƙarƙashin awon shekarun baya. Na shimfiɗa atamfar na ja layin ɗinki. Sai na tsaya da alli a hannu.

Na ce, "Mamana, a ina zan yanke?"

Ta dubi layin, ta dubi bangon.

"Bar yatsa biyun, Baba. In ta matse ni zan kawo maka ka buɗe. Amma wannan karon ni na ce."

Na auna yatsa biyu na ja layi na biyu, na ɗauki almakashi. Da can in ta kawo ɗinki ajiyewa take ta tafi abinta. Ranar ta tsaya a kaina, idonta a kan bakin almakashin, har na gama yanka.